Baba ya haura shekara 40 yana shan taba, ta ina ɗa zai ɓullo masa?

Abban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, mai izgili don Allah ya wuce. Mahaifinmu yana da shekara 68, manomi ne a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Tun yana zuwa cin-rani Legas da ƙuruciya ya koyi sigari, yanzu ya haura shekara 40 yana sha. Ba ya sha a cikin gida gaban iyayenmu mata, sai a zaure, ko a gona, ko a teburin mai shayi bayan isha'i. Kara goma zuwa sha biyu a rana, ranar Lahadi in ya ci kasuwar Gujungu ya fi haka.

Tun da sanyin bana ya shigo tari ya hana shi barci, daga ɗakina ina jiyo shi har asuba. Ga hawan jini da aka ce yana da shi tun bara. Makon jiya na zare kwalin daga aljihun rigarsa na jefa a masai. Bai ce da ni uffan ba. Kwana uku ina gaishe shi yana amsawa da ka, tuwon da maiɗakina ta kai masa ma ya ce a mayar. Rana ta huɗu ya aiki ɗana mai shekara tara ya sayo masa wata. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa, balle mu zauna mu yi irin wannan magana. Yaya zan yi?

Sarkin Gardama: Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri, amma kai ka jawo. Mutumin da ya haife ka za ka sa wa hannu a aljihu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara 68, me ya rage? Kakana da lofe a baki ya tsufa, ya kusa ɗari yana zuwa gona da ƙafarsa. Ku bar tsoho ya ƙarasa kwanansa cikin kwanciyar hankali.

Maman Walida: Haba Sarkin Gardama. Kai kakanka ka gani, ni mahaifina na gani. Shekara biyu yana barci a zaune, an jingina shi da matashi, don in ya kwanta numfashi ba ya fita. Daga zaure zuwa masallacin ƙofar gida sai ya huta sau biyu. Wannan ce kwanciyar hankalin? Masu shan da suka mutu da shekara hamsin ba su nan balle a kawo su misali.

Anti Nas: Sannu Abban Ummi, Allah ya saka da wannan kulawa. Ina aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Haɗeja. Kafin a zo kan taba, maganar tarin nan ta fi gaggawa. Duk tarin da ya kai mako biyu, musamman in akwai rama, zufan dare, zazzaɓin yamma ko jini a majina, a je a yi gwajin tarin fuka. A asibitocin gwamnati da ke da sashen tarin fuka gwajin majina kyauta ne, maganin ma kyauta ne, wata shida ake sha. Mai shan taba ya fi saurin kamuwa da shi, ga ku da yara a gida ɗaya. In ba shi ba ne, likita zai duba ko hanyoyin iskar huhu ne suka fara toshewa, abin da Maman Walida ta kwatanta ke nan. In abin ya fi ƙarfin babban asibitin da ke kusa, su za su tura ku Dutse, Birnin Kudu ko asibitin Malam Aminu Kano.

Shi kuma mai cewa lokaci ya ƙure, ba haka ba ne. Bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne wanda ya bari yana da shekara 60 yana iya samun ƙarin kusan shekara 3 a kan wanda ya ci gaba. Cikin awa 12 da kara na ƙarshe gurɓatacciyar iskar da ke hana jini ɗaukar numfashi take sauka. Tsakanin wata ɗaya zuwa tara tari da haki suna raguwa. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya yakan koma kusan rabin na mai sha. Ga mai hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sarkin Gardama: Shekara uku! Anti, kwana ai na Allah ne, ba na Hukumar Lafiya ba.

Malam Na Zaure: Kwana na Allah ne, gaskiya. To me ya sa in ka hango mota ta taho kake kaucewa? An umarce mu da riƙon sababi. Alƙur'ani ya hana mutum jefa kansa cikin halaka, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ba a cuta ba a cutarwa. A kan wannan mafi yawan malaman wannan zamani suka tafi a kan haramcin taba, wasu suka tsaya a kan karhanci. A da an yi saɓani sosai, har babban malami irin Ahmad Baba na Tumbutu ya halatta ta, don a zamaninsa ba wanda ya san abin da take yi wa huhu.

Amma Abban Ummi, ga inda zan ja kunnenka. Littafin da ya hana cutar da kai, shi ne ya hana ka ce wa iyaye ko da "tir". Kada ka ɗauki abin da na rubuta ka je ka tsaya a kan Baba kana karanta masa fatawa. Ya san haramun ce, wataƙila tun kafin a haife ka ya ji a wajen tafsiri. Ba ilimi ya rasa ba. Ka fara da ba shi haƙuri a kan shiga aljihunsa.

Abban Ummi: Na ba shi haƙuri ta bakin Inna, Malam. Ya ce ya wuce. Amma dai yanzu kwalin a ƙarƙashin hula yake ɓoye shi.

Direban Gujungu: Bari in yi magana a matsayin wanda ya sha shekara 26 ya bari, yau shekarata huɗu. Duk wanda bai taɓa sha ba gani yake taurin kai ne. Wallahi ba taurin kai ba ne. Ranar da na fara bari, a hanyar Maigatari na kusa dukan yaron motata a kan canjin naira hamsin. Kai yana sarawa, barci ba ya zuwa, abu kaɗan ka ji kamar ka fashe. Kwana na biyu da na uku su ne bala'in. In ka tsallake mako biyu jiki ya fara saki, sai dai zuciya. Ita kuwa zuciya tana da lokutanta: bayan cin abinci, bayan shayi, in an ɓata maka rai, in ka zauna inda ka saba zama. Sabo turken wawa, haka aka ce, kuma ni shaida ne.

Sau biyar na bari ina komawa. Abin da ya sa na shida ya tsaya, na gane ƙwaɗayin nan ba ya daɗewa. Yana tasowa kamar guguwa, minti biyar ko goma ya wuce, ko ka sha ko ba ka sha ba. Sai na riƙa ajiye aswaki da kanumfari a gaban mota. In ya taso in tauna, in kurɓi ruwa, in ce bari in kai gari na gaba. Kafin in kai ya tafi.

Kuma ka sani, jefa kwali a masai ba ya sa mutum ya bari. Matata ta yi min sau ba adadi. Abin da ta koya min kawai shi ne iya ɓoyo.

Ɗan Autan Sara: A saya masa goro mai yawa kawai. Babanmu da goro ya bari.

Anti Nas: Goro kaɗan-kaɗan dai, tunda da hawan jini. Yana sa bugun zuciya kuma yana hana barci, alhali rashin barci na cikin abin da zai dame shi. Dabino in ba shi da ciwon suga, gyaɗa, aya, karas, aswaki, duk sun fi. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a ce ya koma taba gari, ko ta shaƙa ko ta dasashi da kanwa. Mutanenmu suna ganin sauƙi ce tunda ba hayaƙi. Nikotin ɗin dai, wato sinadarin da ke cikin taba mai sa mutum ya kasa barinta, shi ne, ga shi tana kawo cutar daji a baki. An gudu ba a tsira ba.

Abin da Direba ya faɗa haka yake a likitance. Nikotin cikin 'yan daƙiƙoƙi yake isa ƙwaƙwalwa daga zuƙa ɗaya, shi ya sa kamunsa yake da ƙarfi. Akwai cingam na nikotin da kuma filasta da ake liƙawa a fata, suna rage wannan azabar ta makonnin farko ba tare da hayaƙin ba, don hayaƙin shi ne mai ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 a cikinsu masu jawo cutar daji. A ƙauye da wuya ka same su, sai manyan kantunan magani na birni, kuma da ɗan tsada. Kada ka saya sai likitan da ke duba hawan jininsa ya sani. A gaya wa likitan ranar da zai bari, don akwai magungunan da ƙarfinsu a jiki yake canzawa in mutum ya daina taba.

Kawu Mai Tireda: Ni mai sayarwa ne, kada a jefe ni. Lissafi kawai zan yi muku. Ku ɗauka kara ɗaya naira 50 ne, kodayake wasu sun fi haka. Kara 12 a rana naira 600, a wata 18,000, a shekara ya haura 200,000. Manomi ya san abin da wannan kuɗi zai yi masa a taki ko a ɗan rago na kiwo. Tsofaffi maganar huhu ba ta cika shigarsu ba, amma ka ce "Alhaji, tunkiya da 'ya'yanta ka ƙone bana," sai ka ga ya yi shiru.

Maman Walida: Kawu, to kai me ya sa kake sayar wa yaro ɗan shekara tara?

Kawu Mai Tireda: Ba ni na sayar masa ba Hajiya, ni ina Wudil! Amma gaskiya muna yi. Yaro ya zo ya ce kakansa ya aiko shi, ka hana, gobe tsohon ya zo ya ce ka raina shi.

Lauyan Ƙauye: To ku sani doka ta hana. Dokar taƙaita shan taba ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara, sai kwali guda. Ita ce ma tushen hotunan gargaɗin nan da kuke gani a jikin kwali yanzu. Cewa ba a bi a ƙauye wani zance ne daban. Abban Ummi, ko Baba ya bari ko bai bari ba, aiken yaron nan ya tsaya. Da yawa ta nan suka fara, daga ɗauko wa babba zuwa tsintar guntu.

Hajiya Babba: Na karanta duk abin da kuka rubuta, 'yata ce take karanta min. Ku yaran zamani kun san magani amma ba ku san tsofaffi ba. Ɗan fari ba ya gyara ubansa baki da baki, ko gaskiya ce a bakinsa. Abban Ummi, tambaya uku. Babanka yana da yaya mace da rai? Wane ne amininsa da suke zama tun suna samari? Kuma a jikokinsa wace ce ta fi shiga ransa?

Abban Ummi: Gwaggo tana nan da ranta a Ringim, Hajiya, ta girme shi da shekara shida, yana jin nauyinta ƙwarai. Amininsa Ladan ne na masallacinmu. Jika kuwa Ummi, 'yar shekara biyar, amaryarsa yake ce mata.

Hajiya Babba: To Allah ya ba ka dukkan makaman kana neman shawara a waya. Ka shirya ka je Ringim da kanka, kada ka kira, ka tafi da ɗan abin hannu. Ka gaya wa Gwaggo tarin ne ya tsorata ka, kada ka fara da taba. Ita za ta ce ya je asibiti, kuma zai je, don ba a yi wa yaya musu. Ladan ya raka shi, ba kai ba, saboda a gabanka ba zai gaya wa likita gaskiyar yawan da yake sha ba. Ita kuma amarya a bar ta da aikinta. Jika ita kaɗai take iya toshe hanci ta ce "ni ba na son miji mai warin taba" a yi dariya, maganar kuma ta shiga. Amma kada ku kitsa mata, tsoho yana gane maganar da aka sa wa yaro a baki. Kai naka shi ne biyan kuɗin mota da rufe baki.

Na ga haka da mai gidana, Allah ya jiƙansa. Shekara goma ina mita bai bari ba. Ranar da abokinsa na ƙuruciya ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki ya je dubiya, ya dawo ya miƙo min ashanar da kansa.

Sarkin Gardama: Wannan kam na yarda da ita. Amma sai a jira azumi, wanda ya iya haƙuri daga asuba zuwa magariba ai ya gama rabin aiki.

Direban Gujungu: Azumi yana taimako, amma kada ka ruɗu. Na yi azumi 26 ina sha. Da an kira salla, dabino ɗaya, kurɓin ruwa, sai in jera kara uku har kaina ya riƙa juyawa. Azumi yana amfani ne ga wanda ya ƙulla niyya tun kafin ganin wata cewa daren ma ba zai sha ba. Kuma mai wannan tari ba zai jira wata da watanni ba.

Ɗan Autan Sara: To a rage masa a hankali mana, daga sha biyu zuwa shida zuwa biyu. Ko a samo maganin nan da masu mota da lasifika suke sayarwa ran kasuwa, suna cewa in ka sha ko warinta ba za ka so ba.

Anti Nas: Na masu lasifika ban san abin da ke ciki ba, su ma da wuya su sani, kuma kwalba ɗaya suke cewa tana maganin basir da shawara da taba. Mai hawan jini ya kiyaye ƙodarsa. Ragewa kuwa ba laifi in tsani ce zuwa ranar da aka tsayar. Matsalar ita ce a tsaya a kara biyu a ce an ci nasara. An gano cewa mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kwali guda. Jijiyoyin jini ba sa lissafi irin namu.

Ku shirya wa abu biyu. Zai yi faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, a gaya wa iyayenku mata su yi ta haƙuri na mako biyu zuwa huɗu. Kuma tarin yana iya ƙaruwa da farko, huhu ne yake share kansa. In ba a gaya masa ba zai ce barin tabar ne ya jawo masa ciwo.

Malam Na Zaure: A haɗa da addu'a, shi ma ya roƙa wa kansa a sujada. Amma ba na son a je a karɓo rubutu a zuba masa a kunu a ɓoye. In ya gano, an koma gidan jiya.

Abban Ummi: Jama'a na dawo, mako uku ke nan. Na bi ta hanyar Hajiya Babba. Gwaggo ba ta aika ba, da kanta ta zo ta kwana biyu. Ban san me suka tattauna ba, an kore mu daga zauren. Ladan ya raka shi asibiti, an yi gwajin majina, alhamdu lillahi ba tarin fuka ba ne. Likita ya ce huhun ya fara gajiya, ya ba shi abin shaƙa, ya ce da shi kai tsaye maganin ba zai yi wani tasiri ba matuƙar yana sha. Shi da kansa ya tsayar da ranar Juma'a. Ya yi kwana takwas cur. Rana ta tara aka yi rigima a kan iyakar gona, da daddare na hango wuta a bakinsa a teburin mai shayi. Jikina ya yi sanyi. Ban san ko in sake kiran Gwaggo ba.

Direban Gujungu: Kada ka kira ta! Kwana takwas bayan shekara arba'in, ka san abin da tsohon nan ya yi kuwa? Ni karona na farko kwana biyu na yi. Ka yi kamar ba ka gani ba. In kunya ta haɗu da ƙwaɗayi, mutum cewa yake tunda an gan ni shi ke nan. Ladan ya same shi a hankali ya ce wace Juma'ar za a sake. Amma teburin mai shayin nan shi ne ramin. Wata guda ya ƙaurace masa, a riƙa dafa masa shayin a gida, Ladan da wani su riƙa zuwa zaure su yi hirar a can. In ka raba shi da taba ka kuma raba shi da hira, kaɗaici zai mayar da shi.

Maman Walida: A wanke rigunansa da hulunansa duka, a shanya tabarmar zauren. Warin da ya kama tufafi shi kansa kira ne.

Sarkin Gardama: Ni dai na ce ba zai iya ba. Amma in ya kai kwana arba'in, kazar walima a wuyana, jama'a ku shaida.

Hajiya Babba: Mun shaida. Ka fara ba ta dusa.

Abban Ummi: Yau kwana 19 a zagaye na biyu. Shayi ya dawo zaure, mutum huɗu suke zama, har mai shayin yana mita an kwashe masa majalisa. Baba ya yi faɗa da kowa a gidan, har da akuya. Cin abinci kuwa sai wanda ya gani, maiɗakina ta ƙara mudu. Tarin dare bai tafi ba amma yanzu yana kwanciya a kan haƙarƙarinsa. Ashana tana nan a aljihunsa har yanzu, ban taɓa ba, ban kuma tambaya ba. Da safen nan Inna ta same ni ta ce, wai in ji shi, "a gaya wa yaron nan in zai shiga Kano ya tambayo kuɗin cingam ɗin da likita ya faɗa." Anti Nas, likitan ya rubuta a takarda, amma na ga iri biyu ne, mai lamba 2 da mai lamba 4. Wanne zan ce su ba ni?

Anti Nas: Wanda ya rubuta shi za ka karɓa, ka nuna musu takardar. Ba a tauna shi kamar cingam na yara: a ɗan tauna har a ji yaji-yaji, a ajiye a kumatu, in ya lafa a sake. Kada ya sha shayi dab da shi, ya bar kamar minti 15 a tsakani. Yana da haƙoran tauna kuwa? In babu ka gaya wa likitan, sai a duba filasta.

Abban Ummi: Turame biyu sun fita ta dama, na hagu suna nan. Bari in tura Ummi ta leƙo min sauran.